Makarar da Ba Ta da Nauyi

A Rafin Kanya, wani ƙauyen masunta da manoman shinkafa da ke bakin fadama tsakanin Auyo da Haɗeja, maƙabarta a hayin ruwa take, kan wani tudu mai giginyu. Da rani da ƙafa ake zuwa. Da damina kuwa, idan kogi ya cika ya malale fadama, sai an ɗora makara a kwale-kwale. Duk wanda ya tashi a ƙauyen ya san na wa ake ɗora wa: na Haladu.

Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Yana saurayi mahaifinsa ya rasu a tsakiyar damina, ruwa na gudu da ƙarfi, dattawa suka tsaya a gaɓa suna shawarar wanda zai tuƙa. Haladu ya kwance jirgin mahaifin nasa, ya wanke shi tas har ƙarnin kifi ya fita, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ce a ɗora. Tun daga ranar, in aka yi rasuwa ba a aika masa. Ana idar da salla za a tarar da shi a gaɓa, jirgi a wanke. In an haye kuma, shi ne farkon sa kafaɗa.

Abin ya bi jikinsa har ya wuce ƙauyensu. In ya kai kifi kasuwar Haɗeja ya hango an wuce da makara, sai ya bar wa maƙwabcinsa kwando ya bi. Ba ya tambayar ko wane ne. Abin da yake tambaya kawai shi ne namiji ne ko mace, don ya san addu'ar da zai yi. Matarsa Ummussalma takan yi masa tsiya.

"Malam, kifi na can yana kumbura a rana, kai kana raka wanda ko sunansa ba ka sani ba."

"Ai shi ma bai san nawa ba," in ji shi, "ga shi bai kore ni ba."

Allah ya ba su 'ya'ya. Wasu sun koma tun suna goye, mata biyu suka girma suka yi aure, ɗaya a Kirikasamma, ɗaya a cikin Haɗeja. Namiji ɗaya ne ya tsaya, shi ne kuma ɗan fari, Zainulabideen, wanda gari ke kira Zainu. Haladu mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya tarar iyayensa na yi. Ranar suna tun da asuba ya sulale ya tafi kogi. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai kuma taɓa kiran sunansa ba, ko daga shi sai Ummussalma. In zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan". In yana son ganinsa sai ya yi gyaran murya, Zainu kuwa ko yana tsakiyar hira a ƙofar gida zai taso.

A jirgi ɗaya suka yi shekaru suna su, uba a baya da filafili, ɗa a gaba da raga, wani lokacin tun hantsi har azahar ba mai ce wa wani uffan. Sa'ad da ƙayar kifin kurungu ta soki Zainu a dunduniyar hagu, ciwon ya ruru har ya bar shi da ɗan ɗingishi, Haladu ne ya taka da ƙafa zuwa Haɗeja ya sayo magani. Amma maƙwabci ya ba wa ya kai, ya ce kada ya faɗi inda ya fito.

Shekarar da ruwa ya karya jingar da ke kare ƙauyen, Zainu bai cika shekara da aure ba. Matarsa Bushira 'yar Malam Isa ce, abokin Haladu tun na ƙuruciya, daga wani ƙauye da ke gaba kaɗan. Ruwan ya shigo da rana tsaka, ya shanye gonakin shinkafa, ya fara cin katangu. Duk mai jirgi ya shiga kwasar mutane zuwa tudu. Haladu na cikin nasa, Zainu ya ari na wani. Wajen la'asar, a sawu na ƙarshe, jirgin Zainu ya daki wani kututture da ruwa ya rufe, ya kife. Waɗanda ke ciki suka ce sun ga ya tura wata tsohuwa har ta kama reshen bishiya, ya juya zai koma wajen wani. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa.

An nema. Masunta daga Auyo da ƙauyukan gefe suka fito da jirage da raga, suka bi ruwa har inda kacalla ta toshe hanya, doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin fadama, wadda ko rana ba ta ratsa ta. Aka sassare, aka laluba, aka jira ko ruwa zai dawo da shi kamar yadda yakan dawo da mutum. Bai dawo da shi ba.

Da aka gaji, mutane suka fara taruwa a ƙofar gidan Haladu, aka shimfiɗa tabarmi. Ya dawo daga kogi jiƙe sharkaf, ya dube su, ya ce, "Wa ya rasu?" Ya sunkuya ya naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya, ya shige gida da su.

Liman ya same shi daga baya ya yi masa nasiha. Haladu ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

"Malam, yaron nan ya iya ruwa kafin ya iya tafiya. Ruwa kan kai mutum nesa, ya buge shi a ka, ya farka a garin da bai sani ba, ya manta gida. An yi haka. Ni kuwa na ɗauki mutanen garin nan da kafaɗata. Na san mutuwa, nauyi gare ta. Wannan ban ɗauki komai ba."

Daga nan gari ya koyi yadda ake gaishe shi. Ba a ce masa Allah ya ji ƙan yaro. Sai dai a ce Allah ya bayyana shi.

Wadda abin ya ƙare a kanta ita ce Bushira. Ba ta shiga takaba ba, don ba a ce mijinta ya mutu ba, ba ta kuma da miji. Liman ya ce tunda akwai waɗanda suka ga kifewar jirgin, an kuma yi nema, alƙali zai iya yanke magana, ta yi takaba ta fita. Amma wa zai kai magana gaban alƙali alhali uban yaro na cewa ɗansa na nan da rai? Malam Isa yakan zo, su zauna a zaure, su yi hirar tsuntsayen jan-baki da suka addabi shinkafa da tsadar taki, ya tashi ya tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Sa'o'in Bushira suka haihu, har suka yaye. Ita tana nan, tana shara, tana daka, tana gyaran kifi tana banda, da yamma ta shiga ɗakinta ta sakaya ƙofa.

Wata rana Ummussalma ta tare shi yana shirin fita.

"Malam, yarinyar nan fa rai gare ta."

"Na sani."

"Ni na haife shi. Ka ga na yi kuka? Ka hana ni. To ni na tsufa, zan iya jira har kabari. Ita fa?"

Haladu ya saɓa ragarsa ya fita.

A ƙarshen damina ta uku, Bakari, wani ɗan kasuwar Haɗeja da ke sarin bandar kifi yana kai wa Abuja, ya zo ɗaukar kaya. Cikin hira bakinsa ya suɓuce, ya ce ya hango wani mai ban ruwan furanni a wani babban lambun shaƙatawa a can, tsayinsa da faɗin kafaɗarsa da yadda yake jan ƙafar hagu, sak Zainu. Yana faɗa ya ga fuskar tsohon, ya so ya maida maganar ciki.

"Baba, daga cikin mota na hango shi fa. Mutum kan yi kama da mutum."

"Yaushe za ka koma?" in ji Haladu.

Bai taɓa wuce Kano ba. Ranar tafiya ya sa rigar sallarsa. Yana tsakar gida Bushira ta fito ta durƙusa ta miƙa wa Ummussalma wata 'yar roba ɗaure a ɗankwali. Dambun kifi ne da yaji sosai, yadda Zainu ke so. Haladu ya karɓa daga hannun matarsa ya sa a jaka, bai dubi kowa ba.

Washegari da hantsi suka shiga Abuja, rigar sallar duk ta kama warin hayaƙin banda. Bakari ya sauke kayansa a kasuwa, ya kai shi lambun. Haladu bai taɓa ganin fili irinsa ba. Ciyawa shar, an aske ta daidai kamar tabarma, babu akuya ko ɗaya a kai. Ga ruwa yana bin wata hanya ta siminti, ya leƙa, ko ɗan ƙaramin kifi babu a ciki. Mutane na kwance ƙarƙashin itatuwan da bai san sunansu ba, wasu na ɗaukar hoto, rana tsaka, ba mai aikin komai. Ya kasa hana kansa lissafin shinkafar da wurin zai yi.

Can wajen wasu jajayen furanni Bakari ya taɓa shi. Ga mutumin, ya ba su baya, yana riƙe da tiyo, yana matsawa a hankali yana jan ƙafar hagu. Haladu ya ƙura masa ido. Ƙeyar ce, kafaɗar ce.

"Zainu," in ji Bakari. Mutumin bai juyo ba.

Haladu ya matsa kusa, ya yi gyaran murya. Mutumin ya waiwayo. Fuska ce doguwa, da wushirya, da tsage a kumatu. Ba shi ba ne.

"Sannu da aiki," Bakari ya ce, don kada a yi shiru.

"Yauwa, sannunku. Baƙi daga ina?"

"Daga Haɗeja."

Mutumin ya washe baki. "Ashe bayina ne suka zo gaishe ni. To ku durƙusa mana, ni Bakatsine ne, Tasi'u sunana. Haka ake zuwa gaban ubangida hannu rabbana? Ina kifina?"

Da a wata rana ce, da Haladu ya rama, don a wasan da ke tsakanin Katsinawa da Haɗejawa ba a barin Bakatsine ya ci bulus. Yau ya tsaya kawai yana kallon ƙafar. Tasi'u ya dubi tsohon, ya dubi Bakari, dariyar ta ɓace masa. Ya je ya kashe famfo ya dawo. Bakari ya ja shi gefe ya yi masa bayani a taƙaice.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Tasi'u. "Ban sani ba. Tawa ƙafar babur ne ya kayar da ni."

Haladu ya buɗe jaka ya ciro robar, ya kwance ɗankwalin ya ninke ya maida, ya miƙa masa.

"Ga kifin naka."

"Haba Baba, wasa nake."

"Karɓi. An yi shi don a ci ne. Da yaji fa."

Bakari ya ce zai koma kasuwa ya ga masu ɗaukar kayansa, ya roƙe shi ya zauna a inuwa har ya dawo. Haladu ya ce to. Amma zama ya gagare shi. Ya tashi ya bi wata faffaɗar hanya da ta ratsa tsakiyar lambun, bai san inda za shi ba.

Sai ya fara jin hayaniya kamar ta kasuwa daga nesa. Kafin ya ankara ga taro ya ɓullo daga wajen ƙofa, ya cika hanyar. Yawancinsu da baƙaƙen riguna, suna ɗauke da kwalaye masu rubutun boko da bai iya karantawa ba, wasu da hotuna. 'Yan sanda na tsaye jikin motarsu suna kallo. A tsakiyar taron, sama da kawunan mutane, ga makara, da abu a kai naɗe cikin farin ƙyalle.

Ya ga mata a ciki, ya ji ana waƙa, abin ya ba shi mamaki. Amma ya ce a ransa kowane gari da yadda yake raka nasa. Abin da ya dame shi shi ne masu ɗaukar. Samari ne, suna sauri, makarar na karkacewa, ɗaya ma da hannu ɗaya ya riƙe, ɗayan hannun na kan waya. Kafin ya yi wani tunani har ya kutsa cikinsu.

"Ku yi a hankali da bawan Allah," ya ce. "Namiji ne ko mace?"

Saurayin da ke gaba ya dube shi. "Duka, Baba. Har da yara."

Haladu ya ɗauka rashin ta-ido ne irin na yaran birni. Ya dafa kafaɗar saurayin yadda ake yi in za a karɓi mutum, saurayin ya matsa, shi kuma ya yi kalmar shahada ya shiga. Ya tattaro ƙarfinsa ya tura kafaɗa kamar yadda ya saba. Makarar ta yi sama ta gefensa, saura kaɗan ta kife.

Babu nauyi. Haladu ya sha ɗaukar gawar jarirai a hannu, ya san ko jinjirin da bai kwana a duniya ba yana da nauyin da hannu ke ganewa. Wannan babu komai. Farin ƙyallen ya zame ta wajen ƙafa, ya ga soson katifa da tsummoki an ɗaure da igiya.

Ya tsaya cak, na baya suka yi karo da juna.

"Wasa kuke yi da likkafani?" in ji shi. "Ba ku da manya ne?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaga waya suna ɗaukarsa. Sai wani magidanci mai furfura, da ɗan gicciye a wuya, ya ratso ya kama hannunsa.

"Ku sauke wayoyin nan. Baba, zo mu zauna."

Ya kai shi wani benci na siminti a gindin bishiya, ya ba shi ruwan leda.

"Sunana Filibus, daga kudancin Kaduna nake."

"Haladu. Daga ƙasar Haɗeja."

"Baba Haladu, ba jana'iza ba ce. Zanga-zanga muke yi."

Haladu ya san zanga-zanga a rediyo. A saninsa ƙona taya ne da guje-guje.

"Zanga-zanga da makara?"

"Duk wanda ka gani a nan, an ɗauke masa wani ko an kashe masa. Wasu a hanya, wasu a gona, wasu har cikin ɗaki. Da yawanmu ba mu sami abin da za mu binne ba. Shi ne yaran suka ce bari su ɗauko ta haka, hukuma ta gani da idonta."

Filibus ya juyo da kwalin da ke hannunsa. Hoton wata mata ne, da ɗaurin ɗankwali babba, tana dariya.

"Rifkatu, matata. Citta ta kai kasuwa aka tare motarsu. Ko takalminta ban gani ba."

"Allah ya bayyana ta," in ji Haladu.

Filibus ya daɗe yana kallonsa. "Wannan addu'ar ba kowa ya san ta ba, Baba. Kai ma da naka."

"Nawa ruwa ne. Ba bindiga ba."

"Ruwan ya ba ka gawa?"

"A'a."

"To ai layinmu ɗaya."

Masu zanga-zangar suka ajiye makarar a kan ciyawa, suka kewaye ta. Waƙa ta tsaya. Aka kawo lasifika, mutum ya fito ya faɗi sunan nasa da garinsu, taro ya amsa baki ɗaya, Musulmi da Kirista, "Allah ya ji ƙansa." Wata mata ta faɗi sunaye har huɗu, ta kasa miƙa lasifikar, sai da aka zare ta daga hannunta. Filibus ya miƙe zai je. Haladu ya riƙe masa gefen riga.

"In tana raye fa? Ka kira ta cikin matattu?"

"In tana raye, Baba, addu'a ba za ta kashe ta ba. Kayanta na nan a ɗaki, ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba. Amma akwai yara a gida. Su ma suna so a bar su su yi kuka."

Ya je ya kira sunanta, aka amsa. Ya dawo idanunsa jawur, ya tsaya a gaban Haladu.

"Yaya sunan naka?"

"Yaron nan…" in ji Haladu. "Ɗan fari ne."

Filibus cikin Hausawa ya tashi, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya sunkuyo.

"To faɗa mini a kunne. Ni zan kira."

Haladu ya dubi makarar da ke kan ciyawa, an gyara mata ƙyalle. Ya ji wurin da ta taɓa a kafaɗarsa. Sunan nan ya ji shi a bakin kowa, a bakin liman, a bakin yara, a bakin masu sayen kifi, amma harshensa bai san hanyarsa ba. Ya buɗe baki ya rufe. Filibus bai matsa masa ba, bai kuma ɗago ba. Can ya faɗa, a hankali, cikakke, ba yadda gari ke gutsure shi ba.

"Zainulabideen."

Filibus ya koma ya karɓi lasifika. "Zainulabideen Haladu, daga ƙasar Haɗeja. Shi ruwa ne ya tafi da shi."

"Allah ya ji ƙansa," in ji taron, mutanen da ba su san Rafin Kanya ba, ba su taɓa jin an hana faɗar haka ba.

Haladu ya ji bakinsa ya ce amin. Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. A nan Bakari ya same shi, taro ya daɗe da wucewa.

A hanyar dawowa Bakari ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa ya ɗauko tsoho ya wahalar da shi a banza. Haladu ya ce babu komai, bai ƙara ba. Daga Haɗeja ya hau babur zuwa bakin ruwa, wani ya haye da shi. Bai wuce gida ba sai da ya tsaya wajen liman.

Da ya shiga gida, Ummussalma na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi bayansa, ba kowa. Ya tsaya, bai fuskance ta ba, bai kuma fuskanci ɗakin Bushira ba, ya yi magana yadda duk za su ji.

"Gobe a fitar da tabarmi ƙofar gida. A aika Kirikasamma da Haɗeja a gaya wa yaran. A gaya wa Malam Isa."

Ummussalma ta ajiye rariya a hankali, kamar mai tsoron kada ta fashe. Sannan kukan ya zo mata, tsohon kuka, wanda maƙwabta suka ji suka gane ba sai an aika musu ba. Daga ɗakin Bushira ba a ji komai ba. Sai can aka ji ƙarar awarwaro da 'yan kunne ana zuba su a kwano.

Washegari liman ya ja salla a ƙofar masallaci, sahu ya cika har kan hanya, babu kowa kwance a gaba. Aka idar, mutane suka ɗan tsaya suna duban juna, sannan suka wuce kan tabarmi. Haladu ya zauna ya karɓi gaisuwa. Duk wanda ya ce Allah ya ji ƙansa, ya amsa masa. Bayan kwana biyu shi da kansa ya raka Malam Isa da shaidu gaban alƙali.

Bushira ta yi takabarta a ɗakin. Kafin ta fita ruwa ya janye, alkama ta yi kore a fadama, hanya ta bushe har adaidaita na shigowa ƙauyen. Malam Isa ya aiko da guda biyu, aka loda gado da kwanuka da 'yar durowarta. Mata suka yi ta shiga da fita. Haladu na zaure yana ɗinkin raga.

Da aka gama ta zo bakin zauren ta cire takalmi ta durƙusa.

"Baba, zan tafi. Ku yafe mini."

Bai ɗago ba, hannunsa dai ya tsaya.

"Ba ki yi mana komai ba sai alheri, 'yar nan. Mun riƙe ki da yawa. Allah ya ba ki wanda zai riƙe ki da kyau."

Ta daɗe a durƙushe, sai da wata gwaggonta ta zo ta ɗaga ta. Ya ji tashin adaidaita, ya ji ƙarar na raguwa ta wajen gonaki har ta ɓace.

Da yamma ya shiga gida. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an share shi tas, kaji har sun fara leƙawa. Ummussalma na durƙushe gaban buhu tana auna shinkafar tuwon dare. Ta zuba a ƙwarya, ta tsaya tana kallo. Sannan ta sa hannu ta ɗebi wani abu daga ciki ta maida buhu.